Lilon da Muka Tarar a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A Islamiyyar da nake koyarwa a nan Kabo, kafin in gama goge allo malamai 'yan'uwana mata sun kewaye ni: "Hafsatu, yaya ƙasar Faranshi? Da gaske burodinsu ya kai tsawon taɓarya? Da gaske Goggonku ta hau lilo?" Nakan fara ba da labarin, sai a kaɗa ƙararrawa. To ga shi na zauna na rubuta muku. Burodin bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya. Maganar Goggo kuwa, ku yi haƙuri mu isa wurin.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Kun san Yaya Binta, 'yar farin gidanmu, wadda ke auren Yaya Sule mutumin Durun, mai sayar da atamfa a Maraɗi. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Da Allah ya kawo cikin, aka shirya za ta zo gida goyon ciki, sai naƙuda ta riga shirin. Ta haifi namiji, bai kai ranar suna ba ya koma. Labarin bai iso mu da wuri ba, don sai an samu mai zuwa. Saƙo na biyu shi ya tayar da hankalin Malam, mahaifinmu: ta yi arba'in, jikinta ya warke, amma ba ta cin abinci, ba ta magana. In aka matsa mata sai ta kurɓi ruwan koko ta juya fuska.

Malam ya ce Goggo Hajara, yayarsa, ta je, ni in raka ta, ƙanensu Baffa Ado ya zama muharraminmu tunda yana fataucin hatsi ta wannan hanya. Ya ce in ba ta samu sauƙi ba mu taho da ita. Baffa ya ce, "Malam, wanda ba ya cin abinci ai ba ya iya wannan hanya."

Inna kuwa kunyar 'yar fari ba ta bar ta ta ce komai ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Da asubar tafiyarmu ta miƙo mini ƙullin yajin da ta daka tun watannin baya saboda jego, idonta na kan murhu. Ta ce, "Ki kai wa waccan. Ko a koko ne a barbaɗa mata."

Daga Kabo muka shiga mota zuwa Gwarzo, inda za mu samu ta Katsina. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, an fara raba zama a mota, maza gaba mata baya. Goggo ta yaba da tsarin ƙwarai, har ta sa wa direba albarka. Sai da ta ga mazauninta: kusa da safayar taya, ga kwandon zabi a ƙarƙashin ƙafarta. Baffa kuwa yana gidan gaba ya miƙe ƙafa yana ɓare goro.

"Ado!"

"Na'am, Yaya."

"A wane littafin aka ce kai ka zauna a kan soso, ni a kan taya?"

"Yaya, ai ke kika sa albarka."

Matan motar suka kwashe da dariya. Ni dai idona na waje, don mun zo daidai filin da ke bayan kasuwa, ta hanyar Unguwar Tudu, inda kakarmu ta zauna. Yanzu masu sayar da fetur a galan ne suka jera a wurin. Amma muna yara, a nan ake kafa lilo duk Sallah.

Bari in gaya muku yadda yake, don shi ne zuciyar labarin. Wani Bamaraɗe ne ke kawo shi, muna ce masa Baba Mai Lilo. Kamar ƙatuwar ƙafar keke ce a tsaye, ta katako da ƙarfe, da kujeru huɗu masu kama da akwati, an shafa musu shuɗin fenti. Da hannu ake juya shi. In zai fara sai ya buga wata tsohuwar garma da guntun ƙarfe. Abin da ya bambanta shi da kowane lilo shi ne, in kujerarku ta kai ƙololuwa sai ya riƙe, ya ɗaga kai ya ce, "Mi kuka hango?" Ba zai sauke ku ba sai kun faɗa. Wasu su ce masallacin Juma'a, wasu su ce jakin gidansu. Ni tsoro ba ya bari in buɗe ido, sai in cusa kai a hammatar Yaya. Ita ce kullum mai amsawa, kuma ba ta taɓa faɗin abin da ke kusa ba. "Na hango Kano!" "Na hango Makka!" Baba ya ce, "To ki gaishe su," ya sake mu, cikina ya tashi ya bar ni.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, lokacin da ake layin sabulu da madara. Iyaye ba su da abin ba yara na wasa. Baba ya koma karɓar ƙwai, ko gwangwanin gero, wani lokaci ma ya ɗora yaro don Allah. Wata Sallah muka zo da sabon lalle a hannu, muka tarar da filin wayam, sai ramukan da ƙafafun lilon suka bari.

Mun bi ta Dayi muka ɗauki hanyar Katsina. Kafin Caranci mai ya ƙare. Direba ya ɗauki galan ya hau bayan wani mai babur, ya ce yanzu zai dawo. Wannan "yanzu" sai da inuwa ta juya. Wata Bafulatana mai tallan fura ta ga Goggo na fifita da gefen mayafi, ta kai mu gindin tsamiya, ta dama mana a ƙwarya. Da za mu biya, ta ce na tsohuwa sadaka ne. Goggo ta sha furar tas, sannan ta ce, "Wace ce tsohuwar?"

Saboda wannan jinkiri a Jibiya muka kwana, a gidan mai masaukin Baffa. Matar gidan ta ba mu ɗakinta, ita ta koma rumfa, ta tuƙa mana tuwon gero da miyar kuka mai yawan daddawa. Tun daga nan harshe ya fara karkata. Ta ce mini "ɗiyata", ta ce "ku ci hwa". Na ji kamar Hausar da na sani ce aka ɗaura mata wani ɗankwali.

Da safe muka isa iyaka. Ni a zatona zan ga katanga, ko aƙalla ƙasa ta sake launi. Sanda ce kawai a gicciye, da tuta, da wata akuya da ke kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu ba mai tambayarta takarda. A ɓangaren Maraɗi aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo, fuska a murtuke, ya zo kan jakar Goggo. Ya buɗe, ya ga kanwa, ya ga ƙullin yajin Inna da na ba ta ajiya, ya sunsuna. Nan take fuskarsa ta saki.

"Yajin jego! Hajiya, barka. Mi aka samu?"

Goggo ta ce, "Namiji. Ya koma."

Ya tsaya riƙe da ƙullin. Sannan ya mayar da shi a hankali, ya zuge jakar da kansa, ya ɗauka ya kai mana har mota. Ya ce, "Allah shi sa mai ceto ne. Ni ma biyu na binne." Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

Maraɗi gari ne mai faɗin tituna da yawan yashi. Abin da ya fara ba ni mamaki, da rana ta take sai gari ya mutu: a rufe ofis, a rufe kanti, kowa ya tafi ya kwanta sai wajen la'asar. Baffa ya ce da a Kano ne da an ce annoba ce. Mata na tuƙa ƙananan babura da kansu, da goyo a baya. Goggo ta bi ɗaya da kallo har ta ɓace, ta ce, "Ikon Allah," ban kuma gane yabo ne ko suka ba. Suna cin dambun zogale da ƙuli-ƙuli kamar yadda muke cin ɗanwake, safe da yamma. Gaisuwarsu kuma ta fi tamu tsawo, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba.

Amma duk wannan daga baya na lura da shi. Ranar da muka isa, Yaya kaɗai na gani. Tana zaune a bakin gado, ta jingina da bango, awarwaronta ya zamo har gwiwar hannu. Ta dube mu, ta ce, "Kun zo." Shi ke nan. Goggo, wadda ba ta rasa magana, ta zauna ta kama ƙafafunta tana matsawa.

Mun yi iya yinmu. Goggo ta dama kunun kanwa, ta yi farfesun kaza, na barbaɗa yajin Inna na ce mata daga wa ya fito. Ta riƙe kwanon, ta shaƙi ƙamshin, ta ajiye. Rubutun da Malam ya ba mu tun daga gida, ta sha don biyayya. Yaya Sule ya rame shi ma. Ya ce mana a zaure, "Abu ɗaya take maimaitawa: ba ta san inda yake ba. Na ce mata yana maƙabartar gabas, bayan tankin ruwa. Sai ta ce, a rana?" Kun san mata ba ma bin gawa, kuma an ɗauke shi tana cikin zazzaɓi. Na taɓa tambayar Goggo ko a kai ta ta gani. Ta ce, "A gidan Malam? Ba a taɓa ba." Ita ma Yaya ba za ta nema ba.

Wata la'asar Baffa ya ce in zo in raka shi in ga gari, kada ni ma in kwanta. Muka bi ta gefen wani lambu da aka kewaye, wurin wasan yara. Ta ƙofa na hango motocin lantarki masu karo da juna, da wani ƙaramin jirgin ƙasa mai fitilu. An ɗauke wuta, duk sun tsaya cirko-cirko. Har mun wuce sai na ji an buga ƙarfe. Ƙafata ta tsaya da kanta. Sai kukan katako, ƙiii, ƙiii. Sai wata murya da ta tsufa, ta dushe, amma ita ce:

"Mi kuka hango?"

Ban san lokacin da na saki Baffa na shiga ba. Yana can ƙarshen lambun, an kewaye shi da zana. Fentin ya koɗe, an ɗaure wata ƙafa da waya, amma shi ne. Ya fi yadda na san shi ƙanƙanta, ko kuwa ni ce na girma. Baba Mai Lilo na zaune a kan buzu a bakin zanan, da garmarsa a gaba, idanunsa sun yi fari. 'Ya'yansa mata biyu, ƙarfafa, su ke juyawa. Layin yara ya kai har bakin famfo. Mai gadin lambun ya ce mini ko da akwai wuta haka layin yake, motocin lantarkin sai 'ya'yan baƙi.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Kabo nake, na hau lilonsa a Gwarzo.

"Gwarzo! Bayan kasuwa. Mutanen da suka biya ni da ƙwai har na ƙi jinin ƙwai." Ya yi dariya, ba haƙori ko ɗaya. "Da can ina tambaya don yara su buɗe ido. Yanzu da gaske nike tambaya, ɗiyata. Su ke gane mini gari."

Ya ce ranar Alhamis da yamma ta mata ce zalla, shi ma a wajen zana yake zama.

Da na koma na zauna kusa da Yaya na ce, "Yaya, kin san wa na gani?" Na ba ta labari. Ban sa rai da amsa ba. Sai ta juyo da kanta a hankali.

"Mai shuɗiyar kujera?"

"Shi."

"Yana nan da garmar?"

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun zuwanmu. Na fita da gudu na gaya wa Goggo, na ce ranar Alhamis mu kai ta. Goggo ta ajiye muciya.

"Lilo? 'Ya'yan Malam, da girmanku? A shekarar da ake gyaran gari? In labari ya kai Kabo, da wane ido zan dubi mutane?"

Baffa na alwala a bakin rariya. Ya ce, "Yaya, ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma ban ji babin da aka haramta lilo ba."

"Kai rufe mini baki, ɗan gidan gaba."

Yaya Sule ya ce, "Goggo, ko kan raƙumi ne, in za ta ce uffan, ni na yarda."

Goggo ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Yaya. Sannan ta ce za ta bi mu, amma don ta sa ido kawai.

Ranar Alhamis muka ɗauki tasi. Sai da muka riƙe Yaya ta kowane gefe kafin ta kai bakin zanan. Matan da ke layi suka dube ta sau ɗaya suka matsa, ba wadda ta tambayi komai. Muka shiga kujera ɗaya ni da ita, kamar da. Sai babbar 'yar Baba ta tsaya tana auna mu da ido. Ashe lilon hannu ba ya tafiya sai an daidaita nauyi: in manya biyu suka zauna a kujera, dole a samu mai nauyinsu a kujerar da ke fuskantarta. Ta waiga cikin matan, idonta ya sauka a kan Goggo.

"Hajiya, ki taimaka muna. Ke ɗaya kin isa."

"Ni? Ke, yarinya, kin san ko ni wace ce?"

"Don mara lahiya, Hajiya."

Goggo ta dubi Yaya, wadda ta dafa gefen kujera da siraran yatsunta tana jira. Ta ja tsaki, ta tattare hijabi, ta ce, "Wallahi duk wadda ta kai wannan labari Kabo ban yafe ba." (Daga baya ta yafe, da sharaɗin in faɗa cewa dole aka yi mata.) Aka juyo da kujerar ƙasa ta shiga da bismilla uku.

Aka buga garma. Muka yi sama, muka yi ƙasa, iska ta cika mana mayafi. Aka fara tsayar da Goggo a ƙololuwa. Daga bayan zana Baba ya ce, "Mi kuka hango?"

"Lahira!" in ji Goggo. "Lahira na hango! Ku sauke ni, 'yan nema!"

Lambun ya ɗauki dariya. Na ji kafaɗar Yaya ta motsa a jikin tawa.

Sai namu ya zo. Kujerar ta hau, ta hau, ta tsaya tana ɗan rawa. Wannan karon na buɗe ido. Ga rufin gidaje, ga hasumiyar masallaci, ga hayaƙin girkin yamma yana tashi siri-siri. Baba ya yi tambayarsa. Na jira Yaya, kamar yadda na saba. Ba ta amsa ba. Na duba, na ga ba gari take kallo ba. Ta juya gabas. Can bayan tankin ruwa akwai wani fili da aka kewaye da gajeriyar katanga, itatuwan dogon yaro sun rufe shi ruf, kore shar, har ba a ganin ƙasa sosai. Tsuntsaye na sauka a kai.

Masu juyawa suka ɗaga kai, suna tokare da nauyinmu. Baba bai san abin da ke faruwa ba, amma bai karya ƙa'idarsa ba. Ya sake cewa, a hankali, "Ɗiyata, mi kika hango?"

Yaya ta ce, "Na hango inda aka kai ɗana." Muryarta ta fita sarai, kowa ya ji. "Akwai inuwa, Baba. Akwai inuwa sosai."

Can tsohon ya ce, "To ki gaishe shi."

Ta ɗaga hannu, ta yi masa sallama, ta yi addu'a. Sannan ta cusa kanta a hammatata, inda nake cusa nawa a tata, ta yi kukan da Yaya Sule ya ce ba ta yi ba tun ranar. Suka sauke mu a hankali, ba irin sakin da ke ɗauke ciki ba.

A bakin ƙofar lambun wata mata na tuyar ƙosai. Muna jiran tasi, Yaya ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Hafsatu, kin taho da yajin Inna?" Yana cikin jakata, don na saba yawo da shi ko za a dace. Goggo ba ta jira ciniki ba, ta sa hannu a matsami ta kwaso masu zafi har tana ƙona yatsa. A tsaye Yaya ta ci, a bakin titi, 'yar Malam guda, Goggo na kare ta da hijabi tana cewa, "Ci, 'yar nan, ci. Wa ya gan ki?"

Mun ƙara kwanaki har muka ga ta fara shiga ɗakin girki tana yi wa Goggo gyaran gishiri. Ta ce ba za ta biyo mu yanzu ba, sai da Sallah, ita da mijinta. Kafin mu taho na koma na yi wa Baba sallama, na kai masa turmin atamfa daga Yaya Sule don 'ya'yansa. Goggo ta aika masa da ƙwai, ta ce in ce masa bashin tsoratar da ita ne.

Kun tambaye ni me ke cikin tsohon katako da har manya ke layi. Ni dai abin da na gani shi ne, akwai na'urori masu kai mutum sama fiye da shi, amma ban san wani wurin da ake tsayar da kai a sama, a tambaye ka abin da ka gani, a kuma jira amsarka ba. Allah ya saka wa wannan tsoho da alheri, da 'ya'yansa masu ƙarfin dantse, da mai furar Caranci, da dogon jami'in kan iyaka.

Mun iso Kabo da yamma. Malam ya ji bayani daga bakin Baffa, har da na lilo, ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi." Inna na tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, ta tambayi Goggo, ta tambayi mutanen gidan da muka sauka, har da mai masaukin Jibiya. Sai da tambaya ta ƙare mata, sannan ta ce, ba ta ɗago ba:

"Ta ci?"

"Ta ci, Inna. Da yajinki. Har ya kusa ƙarewa."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Wani ɗigo ya faɗa kan shinkafar, ta yi sauri ta rufe shi da tafinta.

"Waccan dama tun tana ƙarama sai ta yi wasa take cin abinci," in ji ta. "Ɗauko mini turmi. Ado zai koma wani makon."